Daddawar Dapaong da Harshen Baba

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da ni da Inna muka gurfanar da harshen Baba a tsakar gidanmu na Zangon Sokode, a ƙasar Togo.

Baba mahauci ne, kuma mutum ne mai ji da harshensa. Haifaffen Dapaong ne, sana'a ce ta kawo shi Sokode har ya auri Inna. Ita kuwa Inna daddawa take yi, irin wadda 'yan sari ke layi a kanta tun ba ta gama bushewa ba. Duk garin an yarda da hannunta, ban da mutum ɗaya. Tun da aka yi auren Baba bai yarda an sa masa daddawarta a miya ba, sai wadda yayarsa, Gwaggo, ke aiko masa daga Dapaong. Kullum tukunya biyu ake ɗorawa a gidanmu, babba tamu, ƙarama tasa. Don haushi, Inna ba ta taɓa kai miyar ƙaramar tukunyar bakinta ba, ko gishiri da ido take aunawa. Tana mayar da abin wasa, amma ni na san yana ci mata rai. Abin da take so bai fi ta ji mijinta ya ce daddawarta ta yi ba.

A shekarar na dawo hutu daga Lome, kaina cike da karatun ƙididdiga, ina neman wanda zan gwada a kansa. Sai na ce wa Inna ai ana iya gane ko Baba na bambancewa da gaske ko cika baki ne. Na yi mata bayani cewa za mu fara da ɗauka cewa ba ya bambance komai, shi ne zai kawo hujjar da za ta rushe wannan zato. Na kuma gargaɗe ta cewa kuskure iri biyu na jiran mu. Ko dai ya yi ta cinka ya dace, mu ba shi sarautar da ba tasa ba, ko kuma ya zama yana iyawa ɗin, gwajin ya kasa kama shi, mu kunyata shi a banza.

Inna ta ce, "Na farkon nan shi za ki toshe mini da kyau. Na biyun, Allah Ya ba shi haƙuri."

Ta so a ce sai ya gane daddawar da ke cikin kowane kwanon miya ba kuskure ko ɗaya. Na nuna mata cewa duk yadda aka matse ƙofar kuskuren farko, ta biyun ce ke ƙara buɗewa, don ko gwani yakan yi tuntuɓe. Da ƙyar muka daidaita a kan kwano goma, sai ya dace a tara. Mai cinka zalla ba zai kai nan ba sai kamar sau ɗaya cikin ɗari. Baba da ya ji sharaɗin dariya ya yi, ya ce in ya faɗi ya bar daddawar Dapaong har abada.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, aka kaɗa miyar kuka tukunya biyu, komai iri ɗaya ban da daddawa. Na ɓuya a ɗakin girki ina wurga kwabo sama, shi ke zaɓar wadda za a zuba a kowane kwano. Baba ya zauna a tabarma ya naɗe hannun riga, maƙwabta mata sun cika zaure suna leƙe. Ya ɗanɗana na farko ya gyaɗa kai. Ya ɗanɗana na biyu da na uku, sai ya ɗaure fuska ya ce mu daina yi masa wasa, duk miya ɗaya muke kawo masa. Nan fa gida ya kaure da dariya. Inna ta ce malam ya fara neman hanyar gudu. Na ce doka ba ta yarda da "duk ɗaya ne" ba, dole ya zaɓa. Ya zaɓa yana ƙunƙuni, ya dace a shida.

Ni dai abin da na furta shi ne ba mu sami hujjar cewa yana bambancewa ba. Kafin maganar ta kai bakin zaure ta zama "Baba ba shi da harshe". Washegari har mahauta an ji, abokansa suna miƙo masa ruwa suna tambaya ko na Dapaong ne ko na Sokode. Ya cika alkawari, ƙaramar tukunya ta koma kan rumbu. Sai dai yakan ci tuwonsa shiru ya wanke hannu ya tashi, ba yabo ba fallasa. Inna ta ci nasara, amma abin da take nema ba ta samu ba, kuma na ga hakan a fuskarta.

Kafin hutuna ya ƙare aka yi haihuwa a gidan Gwaggo, muka ɗunguma Dapaong suna. Bayan an watse, ya shigo cikin gida yin sallama da yayarsa, muna zaune da Inna. Sai ga wata mata ta shigo yin barka a makare. Tana ganin Inna sai ta washe baki, ashe ɗaya ce daga cikin 'yan sarinta, mai kai kaya arewa. Irin mutanen nan ne da magana ba ta kwana a cikinsu.

Ta nuna Gwaggo ta ce wa Inna, "Hajiya, ashe gidanku ne nan? Ai wannan baiwar Allah ita ce babbar mai sayen daddawarki. In na iso, ita ke fara zaɓa."

Gwaggo ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba. Da ta ga ba mafita, ta faɗi gaskiya. Shekaru ke nan kafaɗarta ta hana ta dakan kalwa, kuma ta ji nauyin gaya wa ƙaninta. Da farko ta sayi ta wata mata a kasuwa ta aika, sai ga saƙonsa yana tambaya ko lafiya, don wannan ba hannunta ba ne. Da ta sami ta wannan 'yar sarin, sai ta riƙa sake daka ta sama-sama tana dunƙulawa irin nata. Tun daga nan bai sake ƙorafi ba, har ma ya aiko cewa hannun Yaya ya ƙara daɗi da tsufa.

Ashe daddawa ɗaya muka zuba a tukwanen nan biyu. Baba ya gane tun a kwano na uku, ya faɗa, gwajina ne bai tanadi wurin ajiye amsarsa ba. Kuskure na biyun nan da Inna ta ce Allah Ya ba shi haƙuri, shi muka tafka, kuma a gaban maƙwabta.

Na zaci Baba zai yi ta bugun ƙirji, don an wanke harshensa. Ya buɗe baki zai fara, sai Inna ta riga shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, me ka ce game da hannun Yaya? Ban ji da kyau ba."

Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya. Sannan ya ce, "Na ce duk ƙasar nan babu mai irinsa. Kuma ban janye ba."

Inna ba ta yi guɗa ba, ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta ce bari ta duba ko an haɗa kayanmu, na bi ta na tarar tana share ido a bayan ɗaki.

Yanzu aikina ke nan, gwada zato da lissafi, kuma abin da na koya ranar ya fi na aji zama a kaina. "Ban sami hujja ba" daban, "babu" daban. Kafin ka yanke wa mutum hukunci da gwaji, fara tambayar ko gwajin naka zai iya kama gaskiya in tana wurin. In kuma wanda kake gwadawa ya ce maka akwai matsala a kwanon, ka saurare shi kafin ka yi dariya.