Babbar Rigar Yaya Sule a Garin da Bango Yake Gumi

Kullum da safe, kafin ma ya amsa gaisuwata, sai Yaya Sule ya bankaɗe tagar ɗakinmu, ya leƙa sama, ya ja dogon tsaki ya ce, "To, yau kuma da wacce kika zo?" Da sararin samaniyar Guangzhou, can ƙasar Sin, yake wannan faɗan. Ku da muka yi karatu tare a can a ƙarshen shekarun casa'in kun san ban ƙara gishiri ba. Ni kuwa da nake ɗan ƙanin mahaifinsa, ɗakinmu ɗaya, ni na kwashi kashina a hannu, kuma wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙorafinsa ɗaya ne: yanayin garin ba shi da tarbiyya. "A gida kowane lokaci ya san matsayinsa," in ji shi. "Sanyi ya zo a bushe, ruwa ya zo da ɗuminsa. Nan kuwa sanyi da ruwa haɗa baki suke su far maka tare!"

Abin da ya sa yake gaba da yanayin kuwa riga ce. Babbar riga ta farar shadda, aikin hannu, wadda mahaifinsa, Baffa Ilu maɗinki, ya yi masa da kansa lokacin idonsa ya fara dushewa. Ya ce ya sa ta ranar karɓar shaidar gama karatu. Yaya bai daɗe da tafiya ba Baffa ya rasu. Tun daga nan rigar ta mallake rabin kabad ɗinmu, ni da kayana muka koma 'yan rakiya.

Sanyin farko da na yi a can, ɗakunan ba abin ɗumamawa, sanyin kuma mai laima ne, har cikin ƙashi yake shiga. Na sayo matsattsen wandon nan da 'yan ƙasar suke sawa a ciki. Yaya ya kalle ni sama da ƙasa.

"Garba! Kai ne ka ɗame kamar alale a leda? Allah ya sawwaƙe."

Shi sai ya jera kaftani kan kaftani, ya zura safa a hannu, ya ja ni har Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke sauka, wai zai sayi kaskon wuta da gawayi. Shago bayan shago yana kwatance da hannu, ana ce masa "meiyou", wato babu. A na ƙarshe ya juyo yana huci, haƙoransa suna haɗuwa.

"Ƙasar da take ƙera talabijin, a ce ba ta da kaskon wuta? Ina ci gaban?"

Na ce, "Yaya, to ka yafa babbar rigar mana, ai tana da kauri." Da ban matsa ba da na sha mari.

Sai bazararsu ta shigo, nan ne aka yi ta'asar. Akwai wasu kwanaki da iska mai ɗumi take tasowa daga teku, bango ya dinga tsatsafar da ruwa, daɓe ya yi santsi, madubi ya yi hazo. Duk garin kowa rufe taga yake ruf. Maƙwabcinmu Mamane, wani ɗan Damagaram da ya riga mu zuwa, ya leƙo ya tarar Yaya ya wangale tagogi da ƙofa, ya fito da rigar ya rataye ta a bakin taga.

Sai Faransanci ya kuɓuce masa: "Mais non, a'a, Sule! Ka rufe! Ruwan ai cikin iskar yake!"

"Mamane, ka ji tsoron Allah. A ina ka taɓa jin an rufe taga don kaya su bushe? Tun kakanninmu, in abu ya yi laima iska ake ba shi."

"Wannan iskar ba irin tamu ba ce!"

"Iska iska ce. Ko ita ma fasfo gare ta?"

Na rufe, ya buɗe. Na fita aji na dawo, na tarar ya sake buɗewa har ya tokare da littafina. Kafin mako ya zagayo takalmina na fata ya yi kore shar, bargona yana wari kamar tsohon masaki. Rigar kuwa fumfuna ta bi kafaɗarta da ƙirjinta, ɗigo-ɗigo baƙi a kan farar shadda, har cikin zaren aikin. Na buɗe baki zan ce ai an faɗa maka, sai na ga yadda ya riƙe ta, na haɗiye maganata. Ranar ko abinci bai ci ba.

Za ku ce ya daddara? Ina! Zafi yana shigowa ya wanke ta da kansa, ya hau da ita saman bene ya shanya, ya ce rana ce za ta cinye tabon. Ranar kuwa tun safe rediyo yake shelar mahaukaciyar guguwa tana tafe, masu shaguna suna ta shigar da kaya. Na bi shi saman ina roƙo.

"Yaya, don girman Allah ka sauko da ita."

Ya sa hannu a goshi ya dubi gabas. "Ka ga hadari? Gabas fes take. Ruwan da bai taso daga gabas ba ai ba ruwa ba ne."

Ta kudu ta zo. Kafin la'asar ta yi awon gaba da rigar har da igiyar. Muka fita cikin ruwan nan kamar da bakin ƙwarya, ina zaginsa a zuci, shi yana zagin sama a fili. A kan wata bishiya bayan ɗakin cin abinci muka same ta, ta sha taɓo, hannu ɗaya ya yage. Kuma ku tambaye ni wa ya hau bishiyar. Ni! Shi yana ƙasa yana ihu, "A hankali, Garba, kar ka ja mata zare!" Ƙafata da ta gurɗe ko sannu ban samu ba.

Ranar bikin gama karatunsa ana zafin da ko singileti nauyi take. Na tashi na gan shi yana warware rigar. Ya ɗinke yagar da kansa, ɗinkin da Baffa zai yi kuka in ya gani, tabon kuma yana nan daram. Raina ya gama ɓaci. Na ɗauko sabon kaftanina na jefa masa.

"Haba Yaya! Gaban jama'a fa za ka. Kar ka ba mu kunya da wannan tsumman."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Garba, ragowar idon Baba a cikin zaren nan ya ƙare. Ni na ɓata ta da taurin kaina, na sani. Amma ita ya ce in sa."

Haka ya hau dandamali yana taku ɗai-ɗai, gumi yana zuba, yana saɓa hannun rigar a kafaɗa kamar wanda ya fito da ita daga wajen masu bugu. Bayan an tashi wani malaminsa ya zo ɗaukar hoto, ya taɓa ɗige-ɗigen baƙin nan da ladabi ya tambaya ko wani irin ado ne na ƙasarmu. Yaya ya dube shi ido cikin ido.

"A'a, wannan adon ƙasarku ne. Namu shi ne mai kyan."

Bara ya rasu a Kano. Ciwon ƙirji ne, aka yi aka yi ya je asibiti ya ce mura ce, ya san kanta. Da aka kira ni, kafin hawaye haushi ne ya fara zuwa mini, don na tabbata da ina kusa da ɗaukarsa zan yi cak ko zai mare ni. Har yanzu haushin bai sake ni ba, kuma babu wanda zan sauke wa.

Allah ka jiƙan Yaya Sule, ka yafe masa. Ya cika wa mahaifinsa alkawari da abin da ya rage a hannunsa. Allah ka sada su, ka tufatar da su da tufafin da ba ya tsufa. Amin.