Sandar Tsintsiyar da Ka Feƙe Mini

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, tsohon bakaniken da duk layinmu ke kira Mai Sifana. Ya rasu a ɗakinsa bayan jinyar ƙirji da ta daɗe tana cin sa a tsaye.

Mai Sifana, ka tafi ka bar motata a ɗage kan gungumen itace a tsakar gidana, giyabos ɗinta a ƙasa kan kwali.

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ta raba mu. Kai ka tura ni ajin yamma ina da furfura, ka ce ka gaji da karanta mini takardun mota. Tun daga ranar ba ka sake kirana da komai ba sai Ɗan Makaranta. Kuma duk ranar da na ɗauke ka a mota, ba ma kai bakin titi sai ka dafa gwiwata ka ce in sauke ƙafata daga kuloci, ba matashin kai ba ne. Ban taɓa ji ba. Ƙarshe kulocin ya ƙone. In na taka mai sai injin ya yi ta gurnani motar tana rarrafe, ga autata ta dawo gida cikinta ya shiga wata tara, ga hawan nan mai tsawo tsakaninmu da asibiti.

Na so in kai gareji, ka hana. Ka ce za su ajiye ta sati biyu suna cewa gobe, haihuwa kuwa ba ta san gobe ba. Ka ce hannunka ne ya mutu, idonka yana nan. Aka fito maka da kujera, kana tari kana ba da umarni, ni ina kwance a ƙarƙashin mota. Ka sa na cire kan batir tukuna. Ka hana ni shiga sai da aka tokare ta da itace, ka ce jak abokin tafiya ne, ba abokin amana ba. Kowane noti na kwance sai ka sa na soke shi a kwali daidai yadda yake jere a jikin mota. Kowane mataki kuma ka sa na rubuta a littafina na aji, wai mu ga amfanin bokon tsufa. Uwargidana tana wucewa tana cewa tsofaffi biyu sun samu abin wasa.

A rana ta uku ka karɓi tsintsiyarta mai sanda ka yanke guntu. Ta yi ta faɗa, kana dariya. Ka ce da shi za a saita sabon faifan kuloci a tsakiya kafin a ɗaure, in ba haka ba giyabos ba zai shiga ba. Ka sa shi a aljihu ka ce za ka ƙarasa feƙewa a gida.

"Gobe mu ɗaura, Ɗan Makaranta. Kar ka taɓa sai na zo."

Goben ce Talata.

Kwana huɗu ban iya kallon motar ba. A na biyar autata ta fara cije leɓe tana dafa bango, sai na kira mijinta na buɗe littafi. Gefen faifan mai tudu ya kalli giyabos, haka na tarar na rubuta. A ɗaure notuna kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, na rubuta. Sandar ce babu, kuma kunya ta hana ni shiga gidan makoki neman guntun itace. Muka saita da ido. Tun safe har azahar muna tura giyabos yana togewa, saura ɗan yatsa biyu ya ƙi. Surukina ya ce mu ja shi da noti da ƙarfi. Na tuna ka ce abin da ya ƙi shiga da lallashi, ƙarfi fasa shi zai yi. Na kwanta a wurin ina hawaye, ƙasa na zuba mini a ido.

Ashe iyalinka tana jin mu ta katanga. Ta aiko babbar 'yarku da ƙullin hankici, ta ce a ƙarƙashin matashinka aka samu. Sandar ce, ka goge ta sumul, ka yi mata wuya daidai bakin ramin tsakiyar faifan. Ashe a kan gado ka ƙarasa ta.

Muka sassauta notunan, na zura ta, faifan ya zauna a tsakiya. Giyabos ya shige kamar ƙafa a tsohon takalminta.

Bayan kwana biyu, da hantsi, naƙuda ta tashi. Da muka iso gindin hawan nan, wallahi sai na ji kamar an dafa gwiwata. Na sauke ƙafa daga kuloci. Motar ta haye ba ta ko yi nishi ba. Kafin azahar aka miƙo mini jikata ta fari, mace, lafiyayya, mai kukan da ya cika ɗakin. Na shekara sittin da bakwai ban taɓa farin ciki irin wannan ba, har ma'aikatan jinya suka yi ta dariyar tsoho yana rawa da baƙin mai a farce. Na ciro waya in yi maka albishir, sai da na kai kan lambarka na tuna.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Yadda ka sauƙaƙa wa 'yata hanya, Allah Ya sauƙaƙa maka taka. Ga iyalinka, da 'ya'yanka huɗu, da ƙannenka, da duk wanda ya koyi riƙe sifana a hannunka, Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Sandar tana aljihun motar. Kujerarka kuma tana nan inda ka bar ta, uwargida ta hana a ɗauke.