Takardar da Na Makara Ban Miƙa Ba

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata na sauko daga LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, na tarar an kewaye bakin unguwar da shuɗin kwano. A jikinsa an manna wani ƙaton hoton abin da za a gina a wurin: filin besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, otal-otal, da mutane suna ta dariya. Na duba agogo, na rubuta lokacin a littafina, don haka na saba.

Tsohuwar unguwa ce ta gidajen katako, daga tsakar gida kana hango dogayen benayen Kuala Lumpur. A kan tsofaffinta nake rubuta kundin digirina na biyu. Wata goma sha huɗu ina tasowa daga masaukina a Setapak ina zama da su. Ni ba mai magana ba ce. Wadda ta buɗe mini ƙofa wata dattijuwa ce mai sayar da shinkafar kwakwa da safe, kowa Mak Cik yake ce mata, wato gwaggo. Ita ta riƙa jana gida-gida.

"Ga 'yata daga Afirka," take ce musu. "Ba ta cin abinci, tambaya take ci."

Komai nawa a tsare yake. Kowace hira da ranarta, da lambar gidan, har da ko an yi ruwa. Abu ɗaya na bari: takardar amincewa da jami'a ke so duk wanda aka yi hira da shi ya sa wa hannu. Tun ranar farko takardun suna cikin jakata. Amma a gidanmu ba a cin abincin babba, a wanke hannu, sannan a miƙa masa takarda da biro kamar ana tuhumarsa. Kullum sai in ce sai zuwa na gaba.

Ranar da na ga kwanon, tsofaffi biyu na zaune a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, suna shan shayi.

"Besbol? Ni ko sandar ban taɓa gani ba."

"Kwantar da hankalinka. Da ita za a kore ka."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Ko a nan ban fito da takardun ba, gani nake ba ranar da ta dace ba ce. Kafin wata biyu an watse. Wasu sun koma wajen 'ya'yansu, wasu an kai su benaye a bayan gari.

Malamar da ke duba aikina ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hirar da ba ta da sa hannu ba ta shiga kundi. Saura wata huɗu tallafin karatuna ya ƙare, kuma babi uku cikin biyar muryar Mak Cik ce.

Sati shida ina nemanta. Na koma unguwar sau da yawa, sai jar ƙasa da motocin rusau. Ko wurin da teburinta yake na kasa ganewa. Daga ƙarshe ladanin masallacinsu, da na gamu da shi a tashar Titiwangsa, ya kwatanta mini.

Tana hawa na sha bakwai a wani bene, a ƙarshen layin bas. Ta daina dafa shinkafa, ba mai hawowa saye. Pandan ɗin, ganyen ƙamshin girki da ta tumɓuko daga ƙofar gidanta yana bushewa a bokitin fenti. Ta rame. Ta ba ni shayi, na shanye. Sannan na durƙusa, na miƙa mata takardar da hannu biyu, ina bayani.

Ta kalli takardar, ba ta karɓa ba.

"'Yata," ta ce, "wanda ya kawo mini takarda ta ƙarshe ma haka ya durƙusa, shi ma ya sha shayina. Ita ta kawo ni nan. Maganar da na ba ki taki ce, tafi da ita. Amma hannuna ba zai sake hawa takarda ba."