Faifan da Na Kai Jana'iza a Kafanchan

Kafin wannan tafiya, na yi imani cewa kiɗan jaz ba na taro ba ne. Mutum ɗaya yake saurarensa, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Mun bar Zariya da asuba, ni da wani abokin aiki da ya ɗauki nauyin tuƙi. Aminina tun muna jami'a, malamin sakandare a Kafanchan, shi ne ya rasu. Matarsa ta aiko cewa ya bar wasiyya a sa masa wani kiɗan jaz na busa saksafon kafin a binne shi, nasa faifan garmahon kuma ya karce har allura ba ta zama. Nawa sabon bugu ne daga Japan, mai kauri, sautinsa tas. Na naɗe shi cikin bargo don kada zafi ya lanƙwasa shi, na rungume shi a cinya. Abokin tafiyata ya ce bai taɓa ganin na riƙe 'ya'yana haka ba.

Bayan Kaduna damina ta cinye hanyar Kachia, muka yi ta kewaye ramuka. A Zonkwa muka sha gwaten acca, doya kuma tana araha fiye da yadda muka saba. Daga Samarun Kataf duwatsun Kagoro suka bayyana cikin hadari, ba su ɓace mana ba har muka tsallaka layin dogo muka shiga gari.

Mun tarar da gardama a gidan makoki. Dattawan ikilisiya sun ƙi yarda, suna cewa ba za a raka malamin makaranta kabari da kiɗan otal ba. Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi babbansu ta ce, "Baba, yana riƙe da hannuna na yi masa alkawari. In kun hana, ku za ku faɗa masa, ba ni ba."

Fasto ya ce a sa su ji tukuna. Ni kaina ban so ba, domin tsakar gidan cike take da mutane da kaji, na'urar sa faifai da ke gidan kuma ƙarama ce mai batir. Na tambayi kaina ko marigayin nake karewa ko faifan. Ban samu amsa mai daɗi ba, sai na ɗora allura.

Mutum huɗu ne ke kiɗan, mai saksafon yana jan sautin a hankali. Bai yi nisa ba wata tsohuwa daga zumuntar matan cocin ta fara rerawa a ƙasa-ƙasa, sauran suka karɓa da Hausa. Ashe karin wata waƙar coci ne da ke cikin littafinsu. Ni Musulmi ne, shekaru ina saurarensa ban san yana da kalmomi ba. Inda mai busar ya kauce ya yi nasa yawon, matan suka jira shi, da ya dawo suka ci gaba. Babban dattijon ya cire hularsa, ya ce a ɗauko na'urar zuwa maƙabarta.

Washegari muka koma ta hanyar da muka zo. Tun da na dawo, idan zan sa faifai, a falo nake sawa, iyalina suna shige da fice.