Sunan Gavril a Takardar Matattu

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo Paraschiva ta yi a teburin kyandir na ƙofar cocinmu, nan bakin kogin Danube. Ni maƙwabciyarta ce, ina kuma cikin mawaƙan coci, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Tana miƙa maka kyandir da takarda biyu, ɗaya ta rayayyu, ɗaya ta matattu mai gicciye a samanta. Ka rubuta sunayen naka, ita ta kai wa Fada Nichifor ya karanta cikin addu'a.

A gefen teburin tana da kanta ɗaya ta littattafan labari, irin waɗanda masu bi ke rubutawa. Sai dai ba ta karanta littafi, balle ta ɗora shi a nan, sai ta ga marubucinsa ido da ido. Takan aika masa wasiƙa, ta dame shi har ya hau jirgin ƙasa ya zo. Bayan sujadar Lahadi sai mu taru a ɗakin baya, mu goma sha wani abu, da kofi da burodi, ita kuma ta sa shi a gaba da tambayoyi. Na ga wani mai gemu ya haɗa gumi don ta tambaye shi ko ya taɓa yafe wa wani da gaske. Ta haka muka san littattafai da dama da ba a taɓa jin sunansu a garinmu ba.

Tana da wata ɗabi'a da na sha yi mata tsiya a kai. Duk wanda ya mutu a cikin labari, sai ta rubuta sunansa a takardar matattu.

Na ce, "Gwaggo, mutanen nan fa ba su taɓa shan ruwan duniya ba."

Ta ce, "Ke Olimpia, ki ji da muryarki da ke karkacewa. Marubucin da ya kashe su yana can yana barcinsa. Wa zai tuna da su in ba ni ba?"

Sau ɗaya tak ta karya dokarta. Wani mai suna Sofronie, tsohon makanikin jirgin ruwa, ya aiko da littafinsa na fari tare da haƙuri: yana kwance, ba zai iya zuwa ba sai bayan wata biyu. Gwaggo ta kasa daurewa, ta karanta. Labarin wani saurayi ne, Gavril, da ya faɗa kogin nan da iyo a zamanin da aka rufe iyaka, yana neman tsallakawa, harsashi ya same shi a tsakiyar ruwa yana kiran sunan Ubangiji. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta fara sa Gavril a takardar matattu da niyyar yin kwana arba'in cur, ta ce ran cikon za ta dafa masa alkama da zuma kamar yadda ake wa kowane mamaci.

A mako na biyu ta ja ni gefe. Ta ce kyandir ɗin da take kafa masa a tiren yashi na kyandir ɗin matattu ba ya ci. Na ce lagwani ne marar kyau. Ta ba ni wani daga sabon ƙunshi, na kunna da hannuna, na kafa cikin yashi. Na kusa da shi duk suna ci, babu iska ko kaɗan, amma nawa ya lanƙwashe ya mutu. Sau uku muna yi. Ban ƙara yin dariya ba.

Sai kuma batun karatu. Gwaggo ta san jerin sunayenta da ka, tana bin Fada da leɓe in yana karantawa. Kullum in ya zo kan Gavril sai ya tsallake. Da ta yi masa magana ya ce, "Inna, abin da na gani shi nake karantawa." Ta nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana duban takardar, ya ce wataƙila tabaransa ne, amma ranar bai tsaya shan kofi ba.

Ran kwana talatin da tara Sofronie ya iso, dogo, ramamme, kwat ɗinsa ya yi masa yawa. Alkamar gobe tana jiƙe a gidan Gwaggo. Ko kofinsa bai kai baki ba ta jefa masa tambaya.

"Ɗana, a ina aka binne Gavril?"

Ya ajiye kofin. "Inna, ai labari ne."

"Ban tambaye ka ko labari ne ba."

 Sai ya ce Gavril ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka shirya tsallakawa, tare suka shiga ruwan, amma da ruwan ya kai wa Sofronie ƙirji sai ya juyo, ya bar yaron ya ci gaba. Ya ji harbi sau biyu. Ba a ga gawa ba, ba a kuma sami wasiƙa ba. Mahaifiyarsu har ta koma ga Allah a takardar rayayyu take rubuta shi.

Ya ce, "Na gaji da jira ne, Inna. Shi ya sa na kashe shi a littafi, ko na huta."

Ban taɓa ganin Gwaggo ta tsorata ba sai ranar. A wurinmu ba a sa mai rai cikin matattu, don kamar ka kira shi ne ya taho. Ita da ta ƙare rayuwarta tana tsare takardun nan biyu kada su haɗu, ga shi kwana talatin da tara tana tura ɗan mutane kabari, saura kwana ɗaya ta rufe.

Ta miƙe, ta ɗauko takarda biyu da alƙalami, ta dire a gabansa.

"Ni na gama zaɓar masa. Jininka ne. Rubuta shi inda ka san yake."

Ya ɗauki alƙalamin. Ya jawo ta rayayyu ya rubuta Gavril. Muka sauke numfashi. Sai ya jawo mai gicciyen ma ya yi rubutu, ya ninke, ya miƙa mata. Ina tsaye a bayansa, na ga abin da ya sa. Sunan kansa ne.

"Wannan tun ranar da na juyo ya kamata a kai ta," in ji shi. Ya ɗauki hularsa, ya tafi tasha.

Alkamar nan kaji ta zuba wa. Ta kai wa Fada takardar rayayyu mai sunan Gavril, ya karanta sunan sarai. Ta ɗora littafin a kan kantar littattafai, mutane suka yi ta karɓa, ta ci gaba da gayyato marubuta, amma ba ta ƙara rubuta sunan kowa daga cikin labari ba. Ta aika wa Sofronie wasiƙa huɗu, babu amsa. Ɗaya takardar kuwa ban tambaye ta ko ta kai wa Fada ba, don na san ba ta taɓa riƙe takardar wani ba, kuma ina tsoron amsar.

Shekara shida bayan haka ta rasu. Ni na yi mata wanka. A aljihun rigar aikinta na sami takardar mai sunan Sofronie, ta yi laushi don yawan taɓawa. Yanzu tana wurina. Ban san ko Sofronie yana da rai ba, saboda haka ban kai wa Fada ba, kuma na kasa ƙona ta.