Sufyan da Man Gwangwani

A tashar 'yan kabu-kabu ta Bagudo babu wanda ya kai abokina Sufyan tattalin babur, Allah ya jiƙansa. Ɗan ƙara kaɗan zai ji a inji, sai ya sauke fasinja ya nufi wurin bakanike. Man bumburutu kuwa ba ya zubawa sai ya sansana.

Tare muka tashi a Kurgu, tare muka bar gona muka hau babur. Shi ya kama hanyar bakin iyaka, yana kwaso 'yan kasuwa da kayansu. Can ya koyo shan lemon ƙara kuzari, na gwangwani mai rubutun Faransanci. Mai yake ce masa. Kullum da safe sai ya ce, "Babur ya sha nashi, bari in sha nawa." Furar da matarsa Zuhura ta dama masa sai dai ta yi tsami a kwano.

Ba mai iya karanta rubutun a cikinmu, amma Sufyan ya fassara mana: wai likitocin Faransa ne suka haɗa shi. Sufyan da ko "ina kwana" bai iya da Faransanci ba.

Wata rana ya kama hannuna ya ɗora a ƙirjinsa. "Lawal, ji sabon inji!"

Zuciyar tana duka kamar ana sussuka, ta tsaya, ta sake kamawa. Na ce, "Kai, da babur ɗinka ne ke wanga ƙara, za ka hau shi?"

"Allah ya kiyaye! Babur wasa ne?"

Da kuka Zuhura ta kai shi asibiti. Malamin asibiti ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce jininsa ya hau sosai, ya bar abin nan, ya riƙa barci. Sufyan ya ce to, ya kuma cika alkawari irin nasa: ya bar babban gwangwani, ya koma shan ƙanana bibbiyu.

Ranar wata kasuwa, kusa da Kende, ya ce wa fasinjansa ya ɗan sauka. Ya kashe babur, ya kafe shi a inuwa, ya zauna gindin wata tsamiya. Bai tashi ba. Ni na wanke shi. Hannun nan da ya sha raba mini gurasa, har yanzu ina jin sanyinsa.

'Yan tasha suka zo gaisuwa, aka cika tabarma. Manu, wanda ke bin hanya ɗaya da shi, ya ga idona ya yi ja, ya zaro gwangwani daga aljihu.

"Ungo, sha mai, ka ga yadda ka koma."

Na ture hannunsa.

"To mi ne? Sufyan kwana nai ne ya ƙare."

Ya buɗe wa kansa. Zuhura tana bayan zana, ta ji ƙarar buɗewar, kukanta ya dawo sabo.