Ranar da na sa aka sauke jariri daga bayan uwarsa

Edita, bari in sauƙaƙa wa masu karatu: sakaran da ke cikin labarin nan ni ne. A lokacin ni ne mai Turancin layinmu a zangon Yendi. Aji huɗu na yi a firamare kafin cinikin doya ya ɗauke ni, amma aji huɗun nan na yi shekara hamsin ina cin girma da shi. Duk baƙon da ya shigo da takarda a hannu, ni ake kira.

Akwai 'yar ƙanena marigayi da ta tashi a gabana. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Mijinta direba ne a hanyar Bawku, don haka da ta haihu sai ta dawo wurinmu. Kullum ɗanta na goye a bayanta, domin da jikinta take jin kukansa: yana motsawa ta sani. Matsalar daga wurin awon jarirai ta taso. A can sunan uwa ake kira da baki. Sau uku tana zuwa ta zauna har a watse, ba ta san an kira ta ba. A takarda sai ya zama ba ta kawo yaro rigakafi, aka sanar da ofishin kula da walwalar yara.

Da na ji jami'a za ta zo, na yi abin da muka gada, wato rufa asirin gida a gaban baƙo. Tsorona shi ne in gwamnati ta ji kurma ce, za ta ƙwace yaron. Na sa 'yar tawa ta lulluɓe ta sunkuyar da kai, na kuma ce a kwance goyon a shimfiɗe shi a tabarma ta bayanta, wai zama da goyo a gaban ma'aikaciya ƙauyanci ne. Duk tambayar da madam jami'ar ta yi, ni na cafe. Da ta ce tana son jin bakin uwar, na ce kunya ce irin ta 'ya'yan gidan mutunci. Ina cikin zuba Turanci yaron ya tsala kuka. Uwar ba ta waiga ba. Madam ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta yi rubutu.

Bayan mako guda aka ce ana shawarar mai da yaron hannun dangin ubansa a Salaga. Abin da na yi ƙarya don gudunsa, ƙaryata ce ta kawo shi har ƙofar gida. Sai tsohuwata, wato uwargidana, ta yafa mayafi ta tafi ofishin ta faɗi gaskiya da Dagbancinta.

Madam ta dawo da wata malama mai maganar hannu. Ba a zo ɗaukar kowa ba. Aka tambayi uwar, ita kanta, abin da ke ba ta wuya, ta yi ta bayani har hannuwanta suka gaji. Aka yi wa katinta alama, yanzu a wurin awo kafaɗarta ake dafawa. Aka koya wa tsohuwata alamun zazzaɓi da gudawa da lokutan magani. Yaron nan ga shi can yana kora mini awaki daga kan doya.

Abin da na koya shi ne, mai zuwa taimako ba zai iya gyara abin da aka ɓoye masa ba, zai rubuta abin da idonsa ya gani ne kawai. Dattawa 'yan uwana, in akwai kurma ko makaho ko gurgu a gidanku, ku faɗa tun daga zaure, ku matsa gefe a tambaye shi da kansa. Su ma ma'aikatan, in tsoho ya cika amsawa, su yi zargin wani abu.

Ni dai ko a ranar ban daddara ba. Don in wanke kaina na ce wa madam ai shekara ashirin da biyar ni ne bakin yarinyar nan. Malamar ta fassara mata da hannu. Yarinyar ta dube ni, ta yi wasu alamu a gaggauce. Malamar ta ce wai a tambayi Baba, a shekarun nan duka, wace rana ce bakin ya taɓa tambayar ta abin da take so ta ce.